Maɗacin da Baba Ya Shuka a Challawa

Mahaifina kafinta ne. Ya shekara arba'in yana yanka katako, amma bai taɓa ganin bishiyar da ake fitar da shi tana tsaye a dajinta ba. Shi da bakinsa yake faɗa, yana dariya. A bayan tirela katako yake iso masa daga kudu, a yanke, a jere, da lambar alli a gefensa. Sai ya tafi 'Yan Katako a Na'ibawa ya yi ta zaɓe, ya shinshina wannan, ya ƙwanƙwasa wancan ya kara kunne kamar mai jiran a amsa masa sallama. In ya dawo gida rigarsa tana ƙamshin wani daji da babu wanda ya taɓa takawa a zuriyarmu. Ina yarinya nakan cusa hancina a rigar in lumshe ido, in ga dogayen itatuwa ruwa yana ɗiga daga ganyensu, alhali iyakar dajin da na sani ita ce darbejiyar ƙofar gidanmu.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da faɗa zai yi. Faɗan ma ba ya nisa, ni ce mai baki a gidan, kowa ya shaida.

A Bompai ya fara aiki, a wani kamfanin kujeru. Da kamfanin ya rufe ya ɗan yi zaman gida, sannan ya samu wuri a wata masana'antar robobi a Challawa, yana haɗa katakon da ake jera kaya a kai a sito. Aikin bai kai hannunsa ba, ƙusa da guduma ne kawai, amma ban taɓa jin ya raina shi ba. Da na yi aure yarana suka shiga makaranta, sai ya nema mini aiki a wurin, a sashen da mata ke ɗaure bokitai dozin-dozin. Mota ɗaya muke shiga da safe, shi a gaba, ni a baya ina gyangyaɗi.

A bakin ƙofar masana'antar akwai maigadi, wani dattijo Kirista mutumin Kudancin Kaduna, siriri, mai magana a hankali. Kawu nake ce masa, har sauran matan suka ɗauka. Kafin ya zo Kano ya yi shekaru yana lebura a gandun dajin gwamnati a ƙasarsu, yana rainon itatuwa tun suna cikin leda. Ranar da Baba ya ji wannan labari, Kawu ya daina samun hutu. Kullum da rana za ka gan su a kan benci, Baba yana jero tambayoyi kamar ɗan makaranta, abincinsa yana hucewa a gefe.

Wata rana ina kusa na ji Baba yana ƙorafi. Ya ce ga maɗaci nan birjik a tsofaffin titunan Bompai, jan katako mai kyau, amma duk gajeru ne masu ƙaton kai, tun daga tsayin mutum sun rarrabu, babu wanda za ka fitar da falle ɗaya miƙaƙƙe a jikinsa.

Kawu ya ce, “Ai don su kaɗai suke tsaye ne, Malam. Bishiyar da ba ta da maƙwabciya ba abin da zai sa ta yi sama, sai ta baje abinta. A gandu kusa da kusa muke dasa su. Kowace tana neman rana, dama a toshe, hagu a toshe, dole ta miƙe.”

Baba ya daɗe yana kallon sama. A mota ranar, sai da muka kusa gida ya juyo ya ce, “Uwata, ashe tsawon ma koya musu ake yi.”

A bayan sito akwai wani ɗan fili, tsakanin bangon siton da katanga, inda ake zubar da fasassun bokitai. Su biyun suka je wurin manaja suka roƙa. Ya dube su sama da ƙasa, ya ce su je su yi, amma kada saiwa ta taɓa masa katanga, kuma kada a buɗe masa famfo. Wata Lahadi, bayan Kawu ya taso daga coci, suka tafi Bompai suka tsinto iri a gindin tsofaffin itatuwan nan. Irin maɗaci fale-fale ne, iska ma ɗaukarsa take yi. Baba ya raine su a ledojin fiya wata a tsakar gida, yana yaƙi da kaji safe da yamma. Da damina ta sauka suka dasa guda ashirin da biyar, layi biyar, tsakanin kowace da 'yar uwarta taku biyu.

Maganar ruwa kuwa, wanda ya san Challawa ya san launin abin da majemu ke sakowa a kwata da irin warinsa, ba wanda zai ba tsiro wannan. Sai Baba ya haƙa 'yar siririyar hanya daga wurin alwala na masallacin ma'aikata har zuwa bayan sito. Kawu yakan ce itatuwan nan sau biyar suke sha a rana, shi kansa bai samu wannan gatan ba.

Daga nan sai gora. Baba ya samo doguwa, ya auna ta da tef, ƙafa goma sha biyu, tsawon fallen katako ke nan, ya ƙara ƙafa ɗaya ta kututture. Ya yanke, ya goge ta, ya ɗaura jan ƙyalle a kanta. Na tarar da shi yana ɗaurin, na tambaye shi ko tuta za mu kafa.

Ya ce, “Ba yankawa zan yi ba, Uwata. So nake in jingina gorar nan a jikin bishiya ɗaya, gorar ta ƙare, bishiyar ba ta rabu ba. In ga katako da idona yana tsaye da ganye a kansa. Sannan in tafi in bar shi a tsaye, yaranki su zo su gani.”

Na ce, “Baba, tsaranku suna burin fili a Zawaciki, ku kuna burin sanda.”

Ya ce, “Filin ai kwance yake.” Ya ci gaba da ɗaurinsa.

Kowace shekara, in ruwa ya ɗauke aka fara yankan gero, sai a yi awo ranar Asabar. Kawu ya riƙe gora, Baba ya ja da baya ya ƙanƙance ido, ni kuma in tsaya ina ba'a. Shekarar farko da ƙyar suka wuce gwiwa. Ta biyu suka kamo ƙuguna. Maɗaci ba shi da gaggawa ko kaɗan. A ƙetaren katanga wani kamfani ya dasa itacen turare bayan namu, kafin ka ce me sun leƙo mu ta sama suna kaɗa kai. Na nuna wa Baba, ya ce waɗannan baƙi ne, sauri suke su koma gida.

A shekara ta uku na yi wata wauta da har yau in na tuna nake dariya. Na samo fenti na shafa wa bishiyar da ke tsakiyar layukan alama daidai ƙuguna, don in riƙa ganin yadda alamar ke hawa. Damina ta zo ta wuce, na je na tsaya, alama tana nan daidai ƙuguna. Na je na samu dattawan nan biyu na ce su daina wahalar da kansu, abin nan ba ya motsi. Kawu ya yi dariya har da tari. Ya kama hannuna ya kai ni, ya tanƙwaro kan wata ƙarama a hankali ya nuna mini ɗan tohon da ke can ƙarshe, jajaja, mai laushi kamar kunnen jariri.

Ya ce, “Daga nan take tsawo, 'yata, ba daga gindi ba. Gindi kauri kawai yake yi. In kika kafa ƙusa yau, bayan shekara hamsin a nan za ki same ta. Duk tsawon da Malam yake jira, a kan ɗan abin nan yake.”

Tun daga ranar na daina ba'a, ko in ce na rage. Hutun rana ya zama a can nake yinsa. In shimfiɗa kwali a tsakanin layuka in kwanta rigingine, ƙafafuna suna zogi saboda tsayuwa. Injuna suna gunji a bayan bango, har ƙasa tana ɗan rawa a bayana, amma a sama ganye ne kawai, sabon toho ja, tsoho kore shar, rana tana ratsowa ɗigo-ɗigo. Tsakanin barci da ido biyu sai in ga itatuwan sun ci gaba da tafiya sama, sun wuce katanga, sun wuce tankin ruwa, bututun hayaƙin maƙwabta ya yi ɓawo ya fitar da rassa. In ga Challawa gaba ɗaya ta rufe, har Sharada, tireloli suna bi ta ƙarƙashin inuwa a hankali da fitilu a kunne, mata suna ɗaure bokitai tsuntsaye suna sauka a kai. In ga Baba yana tafe a ciki da gorarsa a kafaɗa, yana shafa wannan yana shafa waccan, da ƙamshin rigarsa ta da. Sai jiniya ta busa, in tashi da shatin kwali a kumatu.

A daminar shekara ta ukun nan ce tsutsa ta fara shiga. Wata 'yar ƙaramar tsutsa ce da ke huda kan tohon ta shige ciki ta cinye. Da safe ka ga kan ya langaɓe ya yi baƙi, bayan kwanaki sai rassa biyu ko uku su fito a madadinsa. Bishiyar ba ta mutuwa, amma ta rabu ke nan. Kawu ya ce ko a gandunsu haka take yi musu, ba su taɓa gama da ita ba. Yakan datse rassan ya bar ɗaya, amma wurin yakan yi gwiwa, Baba kuwa ya ce katako mai gwiwa kujerar tsakar gida kawai zai yi. Suka gwada toka, suka gwada jiƙon ganyen darbejiya. Kowace damina sai an rasa shida ko bakwai. In Baba ya ga wadda aka huda, sai ya tsaya a gabanta ya ce, “Allah sarki,” kamar ya je gaisuwa. Zuwa damina ta shida saura guda ɗaya tak da ba ta rabu ba, ita ce ta tsakiya, mai alamar fentina. 'Yan uwanta sun kewaye ta ta ko'ina, ita kuma ta miƙe sak, kaurinta ya kai cinyar mutum, ɓawonta sumul.

Idon Baba kuma ya fara tafiya. Da farko ya riƙa tuntuɓe da abin da ke gefensa, sai ya ce mu ne ba ma ajiye kaya a inda ya dace. Da muka je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa wanda ya rage da maganin ɗigawa. Baba ya ce gani yake kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake. Da ya doke yatsansa da guduma sau biyu a mako ɗaya, aka sallame shi daga aiki cikin mutunci. A awon shekarar, na kawo shi a adaidaita sahu. Kawu ya jingina gora, kan bishiyar bai kai jan ƙyallen ba, saura kamar kamu ɗaya. Baba ya daɗe yana laluben ƙyallen da ido kafin ya same shi.

Ya ce, “Damina ɗaya ta ishe ta. Allah ya sa ta ishe ni.”

Muka kama hanyar gida. Tsoro nake ji. Tsere ake yi tsakanin ɗan tohon nan da idon mahaifina, ni kuma ba abin da zan iya yi wa ko ɗaya.

Damina ta bakwai ta yi tsakiya sai zazzaɓi ya kwantar da shi. An yi allurai, an sha ƙwayoyi, ya sauka ya dawo. Ba ya cin komai, ko kunu sai ya kau da kai. Na ɗauki hutu na tare a gidansa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo dubiya, ta dube shi, ta ja ni soro ta ce in nemo sassaƙen maɗaci. Ta ce ba busasshen kasuwa ba, ɗanye, a sassaƙo gabas a sassaƙo yamma da sassafe, da bisimilla, kuma a zaɓi lafiyayyar bishiya. Haka iyayenmu suke yi, kowa ya sani, ni ma an ɗura mini ina yarinya.

Washegari da sassafe na buɗe akwatin kayan aikin Baba na ɗauki gizagonsa. Tsohon gizago ne, da ɗan giɓi a bakinsa tun ranar da ya ci karo da ƙusa a Bompai. Na naɗe shi a zani na tafi Challawa. Kawu ba ya nan, ya tafi gida bikin 'yarsa, wanda ke riƙe masa ƙofa kuwa ya san ni, bai tambaye ni komai ba.

Na shiga tsakanin layukan, raɓa tana jiƙa mini ƙafa. Itatuwa ashirin da huɗu suna nan, kowace da ɓawonta. Wallahi na dube su ɗaya bayan ɗaya. Amma duk wadda na kalla sai in tuna tsutsa ta taɓa shiga cikinta, in ce a raina ni ba zan ba mahaifina maganin bishiya mai tsutsa ba. Tsohuwa ta ce lafiyayya. Lafiyayya kuwa ɗaya ce. Na ce ai shi ya shayar da ita shekara bakwai, ba za ta hana shi ɗan abin da bai kai tafin hannu ba. Na yi bisimilla na sassaƙi gabas, na zagaya na sassaƙi yamma. Cikin ɓawon ja ne, ya fitar da ruwa kaɗan-kaɗan. Na ƙulle a gefen zani na fito ina jin na yi abin kirki.

Na jiƙa na ba shi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya riƙe ƙoƙon ya daɗe, sannan ya shanye. Bayan kwana uku ya nemi tuwo. Ko allurar ce ta gama aikinta, ko sassaƙen ne, Allah ne masani, ni dai na ga mahaifina ya tashi zaune.

Sai da na yi mako uku kafin na koma aiki. Da hutun rana na ɗauki kwalina na nufi bayan sito. Tun daga nesa na hango wani abu fari-ja a tsakiyar itatuwan, na ɗauka wani ne ya rataya riga. Da na matso sai na ga ta tsakiya ce, mai alamar fentina. An sassaƙe ta tun daga gwiwa har ƙirji. Gabas da yamma sun faɗaɗa, an ci kudu, an shiga arewa. Wani da wuƙa, wani da adda, wani ma da alama da murfin gwangwani ya yi. Ƙaro ya zubo ya daskare a jikinta. Abin da ya rage na ɓawo a wurin wani ɗan siririn zare ne ta arewa, faɗin yatsa biyu.

Ban san lokacin da na isa wurin alwala ba. Maza suna zazzaune ana jiran salla, na tsaya a kansu na zazzage musu abin da ke bakina tas. Na ce marasa tsoron Allah, na ce ko akuya ta fi su hankali, na ce shekara bakwai suna ganin tsoho yana rarrafe a wurin nan. Ba wanda ya tanka sai wani bawan Allah mutumin Jigawa da ke aikin lodi. Ya ce, cikin ladabi, “Hajiya, ki yi haƙuri. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa su, mun ɗauka an hana. Sai muka ga an fara, kuma aikin gwani, da gizago. Muka ce to masu abin sun buɗe ke nan. Daminar nan zazzaɓi ya yi yawa, ni ɗiyata na kai wa. Kaɗan na ɗiba.”

Na kusa da shi ma ya ce kaɗan ya ɗiba. Kowa kaɗan ya ɗiba, kuma kowa wadda aka fara ya bi, don a ganinsu wanda ya fara ya san wadda ta fi magani. Na juya na koma sashenmu, na yi ta ɗaure bokitai ina kuka, matan suna tsammanin jikin Baba ne ya tashi.

Da Kawu ya dawo ni na kai shi da kaina, na gaya masa gaskiya tun kafin ya tambaya. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai ya durƙusa ya bi ɗan zaren ɓawon da yatsa daga ƙasa har sama. Ya ce abincin da ganye ke dafawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in aka zagaye bishiya kamar zobe, saiwa ce ke fara mutuwa da yunwa, sama ba ta sani ba. Ya ce za ta ci gaba da toho har ƙarshen damina kamar ba abin da ya faru. Na ce bayan nan fa? Ya ce bazara ce za ta faɗa. Muka kwaɓa laka da kashin shanu muka shafe ciwon, muka naɗe da buhu muka ɗaure da igiya. Ya kafa ƙaya a kewaye, ya mayar da bencinsa inda zai riƙa hango wurin.

Ruwa ya ɗauke, aka fara yankan gero. Tun ranar Laraba Baba yake tambaya ko na gaya wa mai adaidaita. Ranar Asabar ya sa farar rigarsa ta Juma'a. A hanya ina ta addu'a a zuci, Allah ya sa sama kawai zai kalla, tunda abin da ke gefe ko ƙasa ba ya gani sai ya juya kai.

Kawu ya jingina gora. Na tsayar da Baba a inda ya saba tsayawa, na ɗaga masa haɓa a hankali ina cewa dama kaɗan, sama kaɗan. Safiya ce mai haske, sama wankakkiya. Sai na ji jikinsa ya tsaya cak.

Ya ce, “Ga ja nan.” Ya ƙanƙance ido. “Uwata, abin da nake gani a saman jan, ganye ne?”

Na ce, “Ganye ne, Baba.”

“Kai ɗaya?”

Kawu ya ce, “Kai ɗaya, Malam. Ta wuce gorar da tafin hannu.”

Ya daɗe yana kallo, bakinsa yana motsi, hawaye yana bin gefen hancinsa bai share ba. Ni ma na kalla. Ɗan tohon yana can shi kaɗai a saman ƙyallen, ja a kan ja, iska tana kaɗa shi. Na ce a raina alhamdu lillahi, mu tafi gida haka. Amma kafinta ba ya yarda da katako sai ya taɓa. Ya miƙa hannu ya taka gaba, Kawu ya janye ƙayar, tafinsa ya sauka a kan buhu.

Bai tambayi kowa ba. Ya lalubo ƙullin igiyar ya kwance, buhun ya faɗi, busasshiyar lakar ta riƙa zubowa a ƙarƙashin yatsunsa. Ya bi ciwon a hankali, ya zagaya, ya wuce saran wuƙa, ya wuce na adda, ya tsaya a kan ɗan zaren ɓawon ya auna shi da yatsu biyu. Sannan ya dawo gabas, can sama inda aka fara, ya yi ta shafa wuri ɗaya da babban yatsa. Giɓin gizagon ya bar ɗan layi siriri a jikin itacen, ni ban ma taɓa lura ba.

Ya ce, “Wannan gizagona ne.”

Na durƙusa a wurin. Na ce, “Ni ce, Baba. Ku yafe mini.”

Ya ce, “Tun da na kurɓa na san ɗanye ne, na kuma san ba ki da wani maɗaci sai nawa. Ban dai san wacce ba.” Ya dafa kaina, hannunsa duk laka. “Da kin tambaye ni, Uwata, da na ce ki ɗebi na masu reshe biyun. Ɗacinsu ɗaya ne.”

Ya sa Kawu ya sake kwaɓa laka, shi da kansa ya shafe ciwon, ya gyara ɗaurin buhun ya fi namu kyau. Kafin mu tafi ya sake neman jan ƙyallen da ido, ya same shi, ya ƙara kallo.

Bazara ta zo da zafinta. Sauran ashirin da huɗun suka zubar da ganye suka yi sabo. Ta tsakiya ta zubar, muka jira. Kullum da rana sai in je in ɗaga kai. Har aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, kanta yana nan tsirara a saman 'yan uwanta, miƙe sak. Kawu ya kankare ɗan zaren da farce, ya ga cikinsa ya bushe, ya mayar da hularsa ya koma bakin ƙofa. Manaja ya ce a sare kada ta faɗo wa sito, Kawu ya roƙe shi ya bari, ya ce maɗaci ba ya faɗuwa da wuri. Tana nan har yanzu, alamar fentina tana daidai ƙuguna.

A lokacin idon Baba ya rufe gaba ɗaya, ba ya fita sai masallacin ƙofar gida. Ban gaya masa ba, na kuma roƙi Kawu kada ya faɗa. Da kaka ta zagayo ya tambaye ni ko an yi awo. Na ce an yi, ta ƙara tafin hannu biyu. Ya ce madalla. Ya tambayi launin tohon, na ce ja. Ya ce in gaya masa yadda take in iska ta taso, na zauna na gaya masa, har da tsuntsayen da ke sauka a kai. Abin da nake gani a kan kwalina da rana, shi na riƙa kwashewa ina ba shi, yana jingine da bango yana murmushi.

Kaka ta biyu, wadda ita ce ta ƙarshe da muka yi da shi, ina yanke masa farce a tsakar gida da hantsi, ya sake tambaya. Na buɗe baki ke nan sai ya riƙe hannuna.

Ya ce, “Yatsa biyu ba ya riƙe bishiya, Uwata. Tun ranar da na shafa na sani.” Ya saki hannun, ya gyara zama, ya juya fuskarsa wajen da rana take. “To, bana nawa ta ƙara?”

Na ce ta ƙara kamu guda, har ta leƙa bayan katanga.

Ya ce madalla, ya miƙo mini ɗaya hannun.